Cibiyar Birasiliya da takardunta masu shafi ɗaya: sharhi a kan hidimarta

Shekaru da dama ke nan aikina ya rataya a kan tallafa wa marasa galihu, wato tsara yadda za a tantance gidajen da suka fi buƙata, da yadda kuɗi zai isa hannunsu ba tare da ya zurare a hanya ba. Duk wanda ya taɓa zama a ofis irin namu ya san ranar da shugaba zai shigo da hantsi ya ce yana son shawara a rubuce kafin la'asar, kuma a nuna masa a ciki yadda wasu ƙasashe suka yi nasu. A irin wannan matsi ne na saba da wata cibiyar bincike da ke Birasiliya, babban birnin Birazil, wadda a lokacin aka fi sani da gajeren sunanta IPC-IG. Na daɗe ina cin moriyar abin da ta wallafa ba tare da na biya ko sisi ba, don haka na ga ya dace in faɗi abin da na samu a hidimarta, da inda take da ƙarfi, da kuma inda nake ganin ba ta kai ga mutanen da muke yi wa aiki ba.

An kafa cibiyar a 2004 bisa haɗin gwiwar gwamnatin Birazil da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, kuma tun farko tana aiki kafaɗa da kafaɗa da Ipea, cibiyar binciken tattalin arziki ta gwamnatin ƙasar. Da farko sunanta ya tsaya a kan nazarin talauci, sai a 2009 aka sauya shi domin ya ƙunshi manufofin ci gaban da ba ya barin kowa a baya. Manufarta ita ce ƙasashe masu tasowa su riƙa koyo daga junansu kai tsaye, jami'in Akara ya ji ta bakin takwaransa na Birasiliya ko Lusaka, maimakon kowane darasi sai ya bi ta Washinton ko Landan kafin ya dawo mana. Hajarta iri uku ce: takardun bincike masu tsawo, da mujalla mai suna Policy in Focus wadda kowace fitowa ke ɗaukar jigo guda, da kuma gajerun takardu da ake kira One Pager. Daga 2015 ta kuma reni dandalin intanet na socialprotection.org, mai tattara bayanai a kan kare marasa galihu, wanda ya samo asali daga buƙatar G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ya kuma samu kuɗin aiki daga Ostireliya da Jamus.

A cikin duka waɗannan, takarda mai shafi ɗaya ce ta fi yi mini amfani, kuma ita ce zan fi tsayawa a kanta. Kamar yadda sunanta ya nuna, shafi guda ce tak. Ana ɗauko binciken da asalinsa ya kai shafi hamsin ko ɗari, a tace shi, a bar tambayar da aka yi, da hanyar da aka bi, da abin da aka gano, sannan a nuna a ƙasa inda mai son cikakken bayani zai nufa. Wanda bai san halin ofisoshinmu ba zai iya ganin wannan ƙaramin abu ne. Amma babban sakatare ko kwamishina ba zai karanta rahoto mai kauri ba, ko da kuwa yana da niyya, saboda baƙi da tarurruka ba za su bar shi ba. Shafi guda kuwa ana iya buga shi a injin ofis, a maƙala shi a bayan wasiƙa, ya karanta shi a mota tsakanin ofis da gidan gwamnati. Na sha ganin takarda irin wannan ta dawo teburina da jan biro a gefenta, alamar an karanta ta har ƙarshe, abin da ban taɓa gani ya faru da manyan rahotanni ba.

Babban abin da na koya daga waɗannan takardu shi ne cewa shahararren shirin nan na Birazil, Bolsa Família, ba rabon kuɗi ba ne kawai. Mu a nan idan aka ambaci shirin, abin da ke zuwa a rai shi ne mace riƙe da kati tana cirar kuɗi, da sharaɗin cewa yaranta su je makaranta a kuma yi musu riga-kafi. Wannan gaskiya ne, domin mafi yawan masu riƙe da katin mata ne. Sai dai kafin Shugaba Lula ya ƙaddamar da shirin a watan Oktoba na 2003, ta hanyar haɗe wasu ƙananan shirye-shirye huɗu da ke warwatse a ma'aikatu daban-daban, an riga an kafa rijistar bai ɗaya ta gidaje masu ƙaramin ƙarfi, Cadastro Único, tun 2001. A watan Janairu na 2004 aka tabbatar da shirin da doka. Ƙananan hukumomin ƙasar, waɗanda yawansu ya haura 5,500, su ne ke rubuta mutane da sabunta bayanansu, gwamnatin tarayya kuma tana ba su kuɗin gudanarwa gwargwadon ingancin aikinsu, yayin da bankin gwamnati na Caixa ke biyan kuɗin kowane wata a ranar da kowa ya sani. A shekarun da shirin ke ɗauke da gidaje kimanin miliyan 14, abin da ake kashewa a kansa bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Takardun cibiyar suna warware waɗannan sassa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda bakanike ke kwance inji ya jera kayan cikinsa a kan tabarma, kuma wanda ya bi su a hankali zai gane cewa kuɗin shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Wahalar tana wajen rijistar da ake sabuntawa, da ma'aikacin da ke zaune a ofishin unguwa wanda mutum zai iya samu ya kai masa ƙorafi, da layin kasafin kuɗin da ba ya ɓacewa idan gwamnati ta sauya.

Shaidar cewa wannan musayar ilimi ba ta tsaya a kan takarda ba tana Gana. Lokacin da gwamnatin ƙasar ke tsara shirinta na tallafin kuɗi ga matalauta mai suna LEAP, ƙwararru daga ma'aikatar raya jin daɗin jama'a ta Birazil sun je Akara sun taimaka wajen zana shi, aka kuma fara biya a 2008 da gidaje ƙasa da 2,000 a gundumomi 21. A yau shirin ya haura gidaje 300,000, ya kuma ƙunshi masu riƙon marayu, da tsofaffin da suka kai shekara 65 ba su da mai kula da su, da masu naƙasa mai tsanani, daga baya aka ƙara mata masu juna biyu da masu goyo. An kuma haɗa shi da inshorar lafiya ta ƙasa, ta yadda wanda ke cikin shirin yake samun rijista kyauta. Abin da ya ƙara mini yarda da cibiyar shi ne ba ta ɓoye sakamakon da bai yi daɗi ba. Binciken farko da aka yi a kan LEAP ya nuna cewa kuɗin ya yi kaɗan, kuma biyan yana zuwa a makare, wata da watanni shiru sannan a haɗa a biya a dunƙule, saboda haka abin da gidaje ke ci bai ƙaru yadda aka zata ba. Daga irin wannan nazari ne masu bincike na haɗakar da ake kira Transfer Project, wadda ta ƙunshi UNICEF da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da Jami'ar North Carolina, suka fitar da ma'aunin da na riƙe har yau: idan tallafi bai kai kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa ba, da wuya ya bar wata alama mai ɗorewa. Wannan adadi kaɗai ya ishe ni hujja a duk lokacin da aka kawo shawarar a rage kuɗin kowane gida domin a ƙara yawan sunaye a jarida.

Akwai wata muhawara da ban taɓa shiga taro a kan tallafin kuɗi ba tare da an tayar da ita ba. Wani dattijo mai faɗa a ji zai gyara zama ya ce idan aka ba talaka kuɗi a hannu an mai da shi cima-zaune, ko kuma maigida ya karɓe ya sayi goro da taba, ko ya ƙaro aure. Ba na raina masu wannan magana, domin yawancinsu sun ga misali ɗaya ko biyu da idonsu, kuma gani ya kori ji. Amma misali ɗaya ba shi ne dukan gari ba. A wani zama na taɓa miƙa wa shugabanmu na lokacin takardu biyu masu shafi ɗaya, waɗanda cibiyar ta fitar tare da FAO a kan yadda tallafi ke zagayawa a kasuwar ƙauye, na ce masa, “Ranka ya daɗe, ga abin da aka auna a Gana da Habasha, ba ra'ayina ba ne.” Abin da ke ciki shi ne kuɗin da aka ba gwauruwa ba ya kwana a ƙarƙashin matashinta. Tana kai shi wa mai hatsi, da mai niƙa, da tela, da yaron da zai yi mata noma, su ma su kai gaba, har lissafi ya nuna cewa a ƙasashen Afirka da aka yi nazari, kuɗin da aka raba yana iya haifar da kuɗin shiga da ya kai ninkinsa kusan 1.3 zuwa 2.5 a yankin, kodayake hauhawar farashi na iya rage ribar idan kaya ba su wadata a kasuwa ba. Game da taba da giya kuwa, wani nazarin masana Bankin Duniya na 2014, wanda ya tattara bincike daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, bai samu hujjar cewa tallafi yana ƙara sayensu ba. Shugaban bai ce ya yarda ba a ranar, amma bai sake kawo zancen cima-zaune ba, kuma a wajen mai aiki irin nawa wannan nasara ce.

Haka nan takardun sun taimaka mini a kan batun sharaɗi. Meksiko ce ta fara shahara da tallafi mai sharaɗi da shirinta na Progresa a 1997, wanda aka gwada a ƙauyuka 506 ta hanyar kwatanta waɗanda suka fara samu da waɗanda aka jinkirta musu, kuma kyawun sakamakonsa ne ya sa tsarin ya bazu a duniya. Amma sharaɗin kai yaro asibiti yana da ma'ana ne idan akwai asibitin, kuma akwai ma'aikaci a ciki da littafin da zai rubuta wanda ya zo. Shi ya sa Zambiya da Malawi da wasu ƙasashen Afirka da dama suka bi hanyar tallafi marar sharaɗi, kuma bincike ya nuna iyaye suna kashe kuɗin a kan abinci da tufafin yara da takalmin makaranta da kayan noma ba tare da an tsaya a kansu da sanda ba. Cibiyar da ke zaune a ƙasar da ta yi suna da tallafi mai sharaɗi, amma ta wallafa hujjar da ke nuna cewa sharaɗi ba dole ba ne a ko'ina, ta cancanci yabo a kan wannan adalci.

A 2016 cibiyar tare da UNICEF ta fitar da wani kundi da ya jera shirye-shirye 127 daga ƙasashen Afirka 39, kowanne da bayanin wanda ake ba, da nawa ake ba shi, da hukumar da ke gudanarwa. Kundi ne na dubawa, ba na karatu daga bango zuwa bango ba, kuma alƙalumansa sun tsufa yanzu. Duk da haka shi ne ya fara nuna mini cewa maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nisa a wasu fannoni. A 2011 suka fara shirin tallafi na ƙasa da ya riƙa ba mata sefa 10,000 a wata, wato jika goma, na tsawon shekara biyu, tare da faɗakarwa a kan renon yara. A jihar Tawa kuma, a lokacin ƙarancin abinci na 2010, an gwada biyan tallafi ta wayar salula a wasu ƙauyuka, aka tarar gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, a wani ɓangare saboda matan ba su ɓata yini a layi ba, kuma sun fi samun ta cewa a kan yadda za a kashe kuɗin. Wannan darasi ne daga ƙauyukan Hausawa, a tazarar da ba ta wuce tafiyar yini guda daga Sakkwato ba, amma sai da ya zagaya ta ɗakunan karatu na ƙetare kafin ya iso teburina. Irin wannan ya faru da shirin tallafin mata masu juna biyu da aka gudanar a Jigawa da Zamfara daga 2013 zuwa 2019 da kuɗin Birtaniya, inda ake ba mace naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu. An yi masa bincike mai zurfi da ya nuna raguwar tsumburewar yara, kuma masana a wasu nahiyoyi sun fi jami'an jihohin da ke maƙwabtaka sanin sakamakonsa.

Takardar da ta fi taɓa ni a cikin duk abin da cibiyar ta fitar ita ce wadda aka wallafa a 2018 a kan matsayin zakka a tsarin kare marasa galihu, inda aka kwatanta Jodan da Falasɗinu da Sudan. A Sudan zakka wajibi ce a dokar ƙasa, kuma akwai hukuma ta musamman, Diwanin Zakka, da ke karɓa da rabawa, yayin da a sauran biyun mutum ne ke bayarwa don kansa ta hannun asusu ko kwamitoci. Tambayoyin da takardar ta ɗora su ne ainihin waɗanda ya kamata mu riƙa yi wa kanmu: ta yaya ake zaɓen wanda za a ba, shin jerin sunayen hukumar zakka yana magana da rijistar gwamnati, kuma wa ke duba lissafin. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a Sakkwato da Zamfara, da Hukumar Zakka da Hubusi a Kano, ga kuma kwamitocin masarautu, ga abin da attajirai da manoma ke fitarwa da kansu bayan girbi ba tare da wani ya rubuta ba. Duk da haka yawancin takardun manufa da ake rubutawa a kan Arewa suna farawa ne kamar babu wani tsarin taimako a ƙasar kafin zuwan rancen Bankin Duniya. Ganin cibiya daga Latin Amurka ta ɗauki zakka da muhimmanci, ta auna ta da irin ma'aunin da take auna sauran shirye-shirye ba tare da raini ko kambamawa ba, ya sa na ji kunyar yadda mu da muke da abin a gida ba mu yi masa irin wannan nazari ba.

Tarurrukan ƙara wa juna sani da ake yi ta intanet a dandalin socialprotection.org ba zan daɗe a kansu ba. Kyauta ne, ana adana su domin wanda bai samu halarta ba ya saurara daga baya, kuma mafi kyawunsu su ne waɗanda jami'in gwamnati da ya gudanar da shiri da hannunsa yake magana, ba mai ba da shawara da ya ziyarci ƙasa na mako biyu ba. Sun yi rana musamman a 2020, lokacin annobar korona, da kowace gwamnati ke neman hanyar isa ga 'yan kasuwa da masu aikin yini da ba sa cikin kowace rijista. Akwai kuma kwas ɗin TRANSFORM na horar da ma'aikatan kare marasa galihu, wanda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF da UNDP suka tsara bisa buƙatar Tarayyar Afirka, kuma ina ba duk sabon ma'aikaci shawarar ya nema.

Inda nake da ja da hidimar kuwa, na farko shi ne harshe. An wallafa takardun da Ingilishi, an kuma fassara da yawa zuwa Faransanci da Fotugis da Sifaniyanci da Larabci, wato harsunan ma'aikatu da jami'o'i. Amma mutanen da shiri ke tsayuwa ko faɗuwa a hannunsu su ne mai unguwa, da limami, da shugabar mata, da matashin da aka ba kwamfutar hannu ya bi gida-gida yana rubuta sunaye. Waɗannan da Hausa suke tunani, da Hausa kuma za a tuhume su idan aka tsallake wani. Musayar ilimi tsakanin ƙasashe masu tasowa da ta tsaya a tsakanin daraktoci masu digiri biyu ta yi rabin tafiya ne kawai, alhali kuwa da ɗan gari akan ci gari. Takarda mai shafi ɗaya ita ce mafi sauƙin fassarawa a duniya, kuma ana iya karanta ta a rediyo cikin minti biyar. Wannan nauyi ba na Birasiliya kaɗai ba ne, jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram sun fi kowa cancantar ɗaukarsa.

Na biyu ya fi zurfi, kuma sai da na je ƙauye na fahimce shi. A wani aikin tantancewa da na sa ido a kansa, mun bi tsarin da aka saba: aka tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake nufi da talauci ya kuma lissafa gidajen da suka fi shiga ciki, sannan ma'aikata suka bi gidajen da tambayoyi a kan rufin ɗaki, da dabbobi, da rijiya, da yawan masu kwana a gida, domin kwamfuta ta ba kowane gida maki. Wata tsohuwa da rukunonin uku suka ambata ba tare da gardama ba, sai makinta ya fitar da ita, saboda ɗakinta na kwano ne da daɓen siminti. Da muka koma, na same ta zaune a ƙofar ɗakin tana tsince tsakuwa daga ɗan gero a faifai, jikoki uku na kewaye da ita. Na gaishe ta na ce, “Iya, an ce ba ki fito ba.” Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Ɗana, kwanon nan marigayi ne ya buga shi kafin ya tafi, shi kuma kwano ba a dafa shi.” Babu ofishin da za ta kai ƙara, babu ranar da aka sa domin sake dubawa, kuma mu da muka zo da motar gwamnati ba mu da ikon sauya abin da kwamfuta ta yanke.

Da na dawo na sake karanta abin da cibiyar ta rubuta a kan Birazil, sai na lura da abin da na tsallake a baya. Birazil ba ta amfani da wannan lissafin maki na kwano da akuya. Mutum ne ke zuwa ya faɗi abin da yake samu, a rubuta, daga baya a gwada da sauran bayanan gwamnati, kuma ƙofar rijista a buɗe take duk shekara, ba sai ranar da tawaga ta zo gari ba. Lissafin maki ya fi alaƙa da tsarin Meksiko da wasu ƙasashen yankin, kuma ta hannun masu ba da rance ya yaɗu a Afirka. Har ma wani nazari na 2016 a kan ƙasashen Afirka tara ya nuna cewa wannan hanya tana iya tace masu hali, amma tana barin talakawa da yawa a waje. Duk wannan yana nan a cikin taskar cibiyar da dandalinta ga wanda ya tona. Matsalar ita ce shafi guda, saboda gajartarsa, yana sa mai karatu cikin gaggawa ya ɗauki sakamako ya bar yanayin da ya haifar da shi, ya ga “Birazil ta yi nasara” ya manta da ofishin unguwa da ma'aikacin da ke zaune a ciki. Kayan aikin da ya fi kowanne amfani a hannuna shi ne kuma ya fi saurin ruɗar wanda bai bi shi zuwa tushe ba.

Na uku shi ne batun kuɗi, wanda nake ganin ya kamata a ba shi fili fiye da yadda ake ba dabarun zaɓe da biya. Birazil da Afirka ta Kudu, wadda ta fara tallafin renon yara a 1998, daga harajinsu suke biya. Ƙaramar ƙasa kamar Lesoto ta fara fanshon tsofaffi a 2004 daga aljihunta. Mu kuwa shirin tallafi na ƙasa da Nijeriya ta fara a 2016, wanda a lokacin yake ba da naira 5,000 a wata, ya tsaya ne a kan rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya, da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta mayar, kuma naira 5,000 ɗin ta zauna a wuri ɗaya shekara da shekaru farashin masara yana ninkawa. Ko doka da hujjar bincike ma ba su isa kariya ba, domin shirin Meksiko da aka fi kowanne nazari a duniya an rufe shi a 2019 bayan sauyin gwamnati, Bolsa Família ma an sauya masa suna a 2021 kafin a dawo da shi a 2023. Ina son in ga ƙarin takardu masu shafi ɗaya da ke bayyana yadda ministan kuɗi a ƙasa matalauciya ya yarda ya ware kaso na dindindin, da wa ya matsa masa, da abin da aka rage domin a samu, domin a nan ne shawarwarinmu suke mutuwa.

Ga ɗalibin jami'a da ke rubuta kundin digiri, da ɗan jaridar da ke son ya yi wa kwamishina tambayar da ba ta tsaya a kan “mutum nawa aka ba” ba, da ma'aikacin hukumar zakka, da ɗan majalisar jiha da ke shirin gabatar da ƙudiri, ina ba da shawarar wannan hidima ba tare da shakka ba. Takardun ba su da nauyi, ana iya sauke su a waya ko da intanet ba ta da ƙarfi, a karanta daga baya. Sai dai duk wanda zai kafa hujja da shafi guda a gaban masu yanke hukunci, ya daure ya buɗe cikakken binciken da ke bayansa, ya duba shekarar da aka yi shi, da yawan kuɗin da aka bayar, da ko an biya a kan lokaci. A shawarar da na rubuta bayan dawowata daga wancan ƙauye, na maƙala takarda a kan rijistar Birazil, na kuma nemi abu biyu: a ajiye ma'aikaci ɗaya a kowace ƙaramar hukuma da zai riƙa karɓar ƙorafi ranar kasuwa, kuma duk gidan da maza da mata da matasa suka haɗu a kansa, kada maki ya fitar da shi sai an koma an duba da ido. An amince da na biyu, na farkon kuma aka ce a jira kasafin baɗi.